Soyayyar da Ke Tambayar Lambar Asusu

A watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a Victoria Island, nan Legas, ta kama mutum 792, ciki har da 'yan ƙasar Sin 148. Aikinsu soyayyar ƙarya ce a intanet. Akwai kwamfutoci, akwai masu koyarwa, kamar ma'aikata.

Saboda haka ɗan'uwana da ke neman na kansa a Zangon Agege ko mayankar Oko-Oba, kyakkyawar nan da ta turo maka saƙo a Facebook, ta ce daga Kano take, mai yiwuwa ƙato ne da gemu. Kullum "rabin raina", amma kiran bidiyo sai ta ce kyamara ta lalace. Mako biyu, mahaifiya tana asibiti. Ko kuɗin mota ta zo Legas. Ka tura ta mai POS, an rufe layi.

'Yan'uwa mata ma ba su tsira ba, wani zai turo saƙo wai shi Alhaji ne a Saudiyya, zai aiko kayan lefe, a biya kuɗin kwastan.

Duk wanda ya ce aure yake so, ya faɗi unguwarsu da waliyyinsa, a tura mutum ya gano. Kafin nan, ko sisi kada ku tura.