Mutanen Clovis, Mafarautan Giwa na Tsohuwar Amurka

Yau za mu leƙa Arewacin Amurka na kimanin shekara 13,000 da suka wuce, zamanin mutanen Clovis.

A shekarun 1930 ne masu tonon kayan tarihi suka gano kawunan mashinsu na dutse kusa da garin Clovis a jihar New Mexico, haɗe da ƙasusuwan manyan giwayen da suka daɗe da ƙarewa. Mutanen Clovis gwanayen sassaƙa ne. Sukan fere dutsen ta fuska biyu, su cire ɓawo a gindinsa domin ya zauna daram a jikin sanda.

An daɗe ana ɗaukarsu mutanen farko a nahiyoyin Amurka, har aka tono mazaunin Monte Verde a ƙasar Chile, wanda ya girme su da fiye da shekara 1,000.

A 2014, gwajin ƙwayoyin gado na wani yaro da aka binne da kayan Clovis a Montana ya tabbatar da dangantakarsa da 'yan asalin Amurka na yau. Ke nan, ko da an riga su zuwa, jininsu bai ɓace ba.