Ayu a Tafkin Rani



Mu da muka tashi a Ƙofar Kibo, ba teku muka sani ba, sai Kubanni da Galma. Amma bari mu fara da bakin teku, sa'an nan mu komo gida.

A watan Satumba 2020, a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, manyan dabbobin teku da Turawa ke kira wel, wajen 470, suka maƙale a gaɓa. Aka yi kwanaki ana fama, waɗanda aka ceto ba su fi 110 da 'yan kai ba. Dalili kuwa, wel ba kifi ba ne, da huhu ya ke numfashi. In ruwa ya janye, nauyin jikinsa ya kan danne huhun, kitsensa ya tara zafi, tsokar da ta mutu ta saki dafin da ke lalata ƙoda. Saboda haka likitan dabbobi ya kan sa a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, a tsare ƙofar numfashinsa daga ruwa da yashi, a auna jininsa kafin a mayar da shi.

To, ruwan Galma ya kan faɗa kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara, a can kuwa akwai ayu. Shi ma da huhu ya ke numfashi, ya na shayar da ɗansa nono. Da damina ya kan bi ambaliya cikin fadamu ya na kiwo. Rani na yi, hanya ta yanke, ya ragu cikin tafki mai ƙafewa. Abin da ya kan tarar da shi a nan wuƙa ce, don nama da man ayu. Mu ma mun sha jin ana tallar man nan, ba mu taɓa tambayar inda aka samo shi ba. Ga shi macen sai ta yi kamar shekara da ciki, ta haifi ɗa guda.

Doka ta 11 ta 1985 ta hana farautarsa. Sai dai doka ba ta ɗaga dabba mai kilo 300 ta sa a mota. Tun da aka kafa cibiyar Vom a 1924 don yaƙi da bushiya, hankalin likitancin dabbobinmu ya fi karkata ga shanu, ba mu kuwa ga laifin haka ba.

Roƙonmu ga 'yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi a Samaru: in lokacin binciken shekarar ƙarshe ya zo, ko mutum biyu su tafi wurin sarakunan ruwa na Yawuri da Binuwai, su rubuto sunayen tafkunan da ayu ke maƙalewa, da watan da hanyar ke yankewa.