Motsa Jiki Ga Mai Fama Da Cutar MS: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wata cuta wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba. Likitoci suna kiranta Maltiful Siklerosis, a taƙaice MS. Wani zai ce, ina ruwanmu da cutar Turawa? Gaskiya ne ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, amma ƙarancinta a wajenmu yana da alaƙa da ƙarancin na'urar hoton MRI da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi waɗanda za su gano ta. Ƙididdigar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar MS ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita. Ta fi kama mata, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato lokacin da mutum yake ganiyar aiki da renon iyali.

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙo sai ya riƙa jinkiri ko ya yanke a hanya. Daga nan ne dishi-dishin gani yake zuwa, da mutuwar jiki, da sandarewar ƙafa, da tangaɗi, da wata irin gajiya wadda barci ba ya warkarwa. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fayyace ta a birnin Paris a 1868. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba sammu ba ce. Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita, amma akwai magungunan da ke rage yawan tasowarta.

Shekaru da dama shawarar da ake ba masu ita ita ce su kwanta su huta. Wannan shawara tana da tushe. A 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu marasa lafiyarsa yana dushewa idan sun yi aikin ƙarfi. Daga baya aka gane cewa zafin da jiki ke ɗauka ne sanadi: jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta jure ɗumi, ko da ƙarin rabin digiri ne. Har akwai zamanin da likitoci ke saka mutum cikin bahon ruwan zafi don su gwada ko yana da cutar. Abin da aka daɗe ba a ba shi muhimmanci ba shi ne, alamun suna lafawa da zarar jiki ya huce, kuma ba sa nufin an yi sabuwar ɓarna.

Cikin waɗanda suka ƙi wannan hukunci akwai Jimmie Heuga, Ba'amurke ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 1964. An gano yana da cutar a 1970, aka ce ya daina wahalar da kansa. Ya bi na wani lokaci, ya ga jikinsa sai ƙara lalacewa yake, ya koma motsa jiki, har ya kafa cibiya a 1984 don koya wa wasu. A 1996 binciken Dakta Jack Petajan na Jami'ar Utah ya gaskata shi: masu cutar da suka yi mako 15 suna atisaye sau uku a mako sun ƙara ƙarfi, gajiya da ƙuncin zuciya kuma sun ragu. Sannan a 2016, a birnin Rio, Kadeena Cox ta Birtaniya ta ci zinare a gudu da kuma tseren keke a gasar nakasassu, shekara biyu bayan an tabbatar mata da cutar. Ban kawo labarinta don kowa ya kwaikwaye ta ba. Mafi yawan masu MS burinsu su iya tashi daga kujera su kai banɗaki ba tare da an riƙe su ba, kuma wannan buri bai gaza nata daraja ba.

To, wane motsa jiki ne ya dace? Ƙa'idar da masana a Kanada suka fitar a 2013, ga wanda cutar ba ta ci ƙarfinsa sosai ba, ita ce minti 30 na motsi matsakaici sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum yana iya magana. Ba a farawa da minti 30. A fara da biyar ko goma, a rarraba, a huta a tsakani. Mai iya tafiya ya yi tafiya a fili mai laushi, ba kwararo mai duwatsu da kwata ba. Wanda ke tangaɗi, keken motsa jiki na girke ya fi masa, domin babu faɗuwa. Tashi da zama daga kujera sau goma atisayen cinya ne cikakke, robar ruwa a hannu kuma ta wadatar a madadin ƙarfen ɗagawa. Mai sandarewar ƙafa ya riƙa miƙa ta a hankali kullum, ya riƙe kamar daƙiƙa 30, ba da fizga ba. Wanda ke keken guragu ma yana da rabonsa: motsa hannuwa da kafaɗu, jan numfashi mai zurfi, da lanƙwasa masa gaɓoɓi da wani na gida zai riƙa yi bayan an koya masa.

A ganina iyo ya fi duka dacewa, saboda ruwa yana ɗauke nauyin jiki yana kuma sanyaya shi, matuƙar ɗuminsa bai kai digiri 29 ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu ke da wurin iyo, balle mata?

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar mu, wato zafi. Shawarar da aka rubuta don mazaunin Landan ba za ta zauna daidai ga mazaunin Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zafin bazara ke haura digiri 40. Mai MS a nan ya yi motsinsa da sassafe kafin rana ta ɗaga, a inuwa ko ƙarƙashin fanka. Ya sha ruwan sanyi kafin ya fara da kuma yana cikin yi, ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, ya sa tufafi marasa nauyi, ya watsa ruwa in ya gama. Ya nisanci ruwan zafi da turaren zufa, waɗanda mu kan ɗauka maganin kowane ciwon jiki ne. Lokacin hunturu shi ne damarsa ta ƙara ƙoƙari. A watan Afrilu kuwa ya rage, babu abin kunya.

Hausawa sun ce jiki magayi. Idan bayan sa'a biyu da gamawa mutum bai dawo yadda yake ba, ko washegari ya kasa tashi, ya wuce gona da iri, sai ya rage. Ranar da yake da zazzaɓi, na cizon sauro ne ko na ciwon mafitsara, ya dakata ya nemi magani, domin zazzaɓi shi ma yana tayar da alamun. Idan kuwa sabuwar alama ta zo ta wuce sa'a 24 ba tare da zazzaɓi ba, wannan aikin likita ne, ba na atisaye ba.

Kafin a fara komai, a ga likitan jijiyoyi da ma'aikacin sashen gashi, wato fisiyo, su auna ƙarfin mutum su tsara masa nasa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da waɗannan sassa. Ku kuma 'yan'uwa da ke zaune da irin waɗannan bayin Allah, ku daina karɓe musu kowane aiki don tausayi, ku kuma daina kiran gajiyarsu lalaci. Idan 'yar'uwa ta ce za ta share tsakar gida, a miƙa mata tsintsiya mai doguwar ƙota, a ajiye mata kujera kusa.