Hikimar Allo da Fargabar Jarrabawa

Lacca ga taron iyaye da malamai da ɗaliban ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

 

An nemi in yi magana a kan wata cuta wadda ba ta da ƙurji balle a shafa mata magani, wadda kuma takan sauka a gidajenmu kowace shekara tare da zafin bazara, wato fargabar jarrabawa. Kun sani, da zarar hunturu ya kau sai jarrabawar JAMB ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin yaro ya sauke numfashi ta WAEC ta iso cikin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo sawunta cikin Yuni da Yuli, daidai lokacin da damina ta sauka, uba yana neman hannu a gonar gero, uwa tana neman mai taya ta aikin gida. A cikin waɗannan 'yan watanni ake son yaro ɗan shekara 17 ya fito da kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, alhali an riga an cika masa kunne da cewa rayuwarsa duka a kan takardar nan ta rataya. Wanda aka aza wa irin wannan kaya, in ya yi nishi bai cancanci zargi ba.

Bari in ba ku labarin abin da idona ya gani a zamanin da nake koyarwa a wata makarantar kwana. Akwai wani yaro mai ladabi, mai kaifin fahimta, wanda ana saura mako biyu jarrabawa ya ɗaura yaƙi da barci. Wani dare ina zagayen ɗakunan kwana, wajen ƙarfe biyu, na iske shi a bayan aji, ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, fitilar ƙwai a gabansa tana hayaƙi, ɓarin goro a kuncinsa, littattafai huɗu a buɗe lokaci guda, idanunsa sun yi jawur kamar garwashi. Na ce masa ya je ya kwanta, ya ce, "Malam, in na kwanta yaushe zan gama?" Ranar jarrabawar kimiyyar sinadarai ni ne mai tsaron ɗakin. Aka raba takardu, kowa ya sunkuya, shi kuwa ya riƙe alƙalami hannunsa na rawa, gumi na ɗiga a kan takarda, har aka ci rabin lokaci bai rubuta abin kirki ba. Da muka fito ya rantse mini cewa babu tambayar da bai karanta amsarta ba, yana ma tuna gefen shafin da take, amma da ya miƙa hannu cikin ƙwaƙwalwarsa sai ya tarar wayam.

Wannan yaro bai rasa himma ba, kuma bai rasa basira ba. Hanya ya ɓata. Tsoro kaɗan abin so ne ga ɗalibi, domin shi ke tashe shi da asuba, kamar yadda ganin hadari ke sa manomi ya gyara garmarsa. Amma tsoron da ke kashe jiki ya rufe basira, asalinsa a mafi yawan lokaci bashi ne, bashin karatun shekara uku wanda aka yi ta jingine wa gobe, har goben ta zo aka ce a biya shi cikin dare goma sha huɗu. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

To, ina magani? Abin da na zo in faɗa muku shi ne, maganin yana nan a ƙofar gidajenmu tun kafin a kafa makarantar boko ta farko a ƙasar nan. Ku dubi tsangaya da daddare, an hura wuta da karan dawa, almajirai sun kewaye ta kowa da allonsa. Alaramma bai taɓa miƙa wa kolo izu sittin ya ce ya haddace kafin Sallah ba. Yakan rubuta masa 'yan layuka gwargwadon ƙarfinsa, ya biya masa, yaro ya koma gefe ya yi ta nanatawa da murya, sa'an nan ya dawo ya durƙusa ya kawo karatun. In ya kawo daidai a ba shi izinin wanke allo, in ya yi tuntuɓe a ce ya koma. Abin da aka wanke kuma ba a sallame shi ba ke nan, sai a yi ta bibiyarsa da tilawa da tishi. Ran Alhamis da Juma'a kuwa a jingine alluna a huta. Da wannan tsari, ba da wani sihiri ba, ƙasar Hausa ta fitar da mahaddata waɗanda ke rubuta Alƙur'ani da ka tun daga farko har ƙarshe. A cikinsa akwai fa'idodi huɗu da nake so ɗalibin boko ya ɗauka.

Ta farko ita ce ƙayyade darasi. Shehu Burhanuddin Zarnuji, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 6 na Hijira, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa, ya shawarci mai fara karatu da ya ɗauki abin da zai iya riƙewa bayan maimaici biyu kacal, sa'an nan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Saboda haka, ɗana, kada ka zauna da niyyar "yau zan karanta Lissafi", domin wannan niyya ba ta da bakin iyaka, kuma aikin da ba shi da iyaka shi ke haifar da zullumi. Ka ce yau zan warware tambaya 10 a babi kaza, in ka gama ka rufe littafi ka tashi da zuciya sakayau.

Ta biyu ita ce tishi, kalmar da asalinta daga niƙa take, wato a mayar da gari kan dutse a sake tisa shi har ya yi laushi. Zarnuji ya tsara wa ɗalibi ya maimaita darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, wanda ya gabace shi sau 3, sai sau 2, sai sau 1. In kun lissafa, kowane darasi ya sami bita 15 a cikin kwana biyar. Bayan ƙarnoni masu yawa wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi gwaji a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya saura a kansa, ya kuma wallafa sakamakon a 1885: mantuwa ta fi gaggawa a sa'o'in farko, mafi yawan abin da aka haddace yakan zube cikin yini guda, amma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cunkusa a zama ɗaya daɗewa. Ma'ana, minti 20 da za ka yi yau da yamma kana muraja'ar abin da aka koya maka da safe ya fi maka sa'a uku a daren jarrabawa.

Ta uku, wadda a ganina ita ce uwa, ita ce wanke allo. Almajiri ba ya cewa ya iya don idonsa ya saba da rubutun. Sai ya kife allo ya kawo da ka. Ɗalibanmu kuwa sukan yi ta bin shafi da ido sau biyar, sau shida, har shafin ya zama kamar fuskar maƙwabci, sai su ɗauka sun sani, alhali gane fuska daban, kiran suna daban. Wannan ne ya kayar da yaron nan mai bokiti. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai nassi su karanta. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5 masu sake karantawa ne a gaba, amma da aka gwada su bayan mako guda sai masu rubutawa da ka suka yi musu fintinkau. Don haka in ka karanta babi, rufe littafin, ɗauko farar takarda, rubuta abin da ka riƙe, sa'an nan ka buɗe ka ga inda ka yi gibi. Za ka ji wahala, wahalar nan kuwa ita ce alamar karatu yana shiga. Ka haɗa da muzakara: ku zauna ku uku ko huɗu, wannan ya yi tambaya wancan ya amsa, domin wanda ya iya fahimtar da abokinsa mas'ala, haƙiƙa ya mallake ta. Ku kuma nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa da agogo a gabanku. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin sa'a 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Yaron da ya taso daga ƙauye bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba, zalunci ne a bari ranar jarrabawa ta zama ranar gamuwarsu ta farko.

Ta huɗu ita ce hutu. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10, kuma bincike ya tabbatar cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka zuba mata da rana. Wanda ya sayar da barcinsa ya sayi karatu, kamar mai ɗebo ruwa ne da kwando. Ka kwanta bayan lisha, ka tashi da asuba lokacin da gari ke da sanyi, hankali kuma bai rarrabu ba. Wayar hannu kuwa ka ba wani ajiya har ka gama, domin ba a haɗa muɗala'a da TikTok. Ina kuma gargaɗinku, don girman Allah, da ƙwayoyin hana barci da na ƙara kuzari waɗanda abokan banza ke tallatawa. Da yawa sun fara sha don jarrabawa, jarrabawa ta wuce, shan bai wuce ba.

Yanzu kuma gare ku, iyayena. Kalmar da kuke jifan yaro da ita, "ka dubi ɗan wane", ko "in ka faɗi kada ka dawo mini gida", tana iya yi masa nauyi fiye da dukan littattafansa, kuma ita ke tura wasu ga satar amsa, wadda ha'inci ce a shari'a, laifi ce a doka. Ku rage wa 'ya mace talla da ɗiban ruwa a watannin nan, ku ɗaga wa ɗa namiji ƙafa a gona ko da sa'a biyu ce, ku tabbatar ya karya kumallo kafin ya fita, ko da koko da ƙosai ne. In kun ga yaro ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya janye daga mutane mako bayan mako, ko ya fara furta cewa rayuwa ta ishe shi, kada ku ce shagwaɓa ce: ku zaunar da shi ku saurare shi, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi ga likita, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin Birnin Kudu. Neman magani ba ya warware tawakkali.

'Yan'uwana malamai, namu laifin shi ne mukan yi tseren ƙare manhaja, mu cika allo da rubutu yara su kwafa, ba mu tsaya mun ji ko karatun ya zauna ba. Ku ware minti biyar a farkon kowane darasi ku tambayi na jiya da na makon jiya, ba da bulala a hannu ba, ba kuma don a ba da maki ba, sai don yaro ya saba da a tambaye shi, ranar babbar tambaya ta zo masa kamar baƙon da ya sani. Garin nan yana da tarihin ilmi. Kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye mutane da dama da suka yi suna, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, ga kuma Jami'ar Tarayya a Dutse, wadda aka kafa a 2011, kusa da mu. Ƙofofi a buɗe suke, saura mu shirya masu shiga.

Ku kuma ɗalibai, ku sani jarrabawa tana auna abin da kuka rubuta cikin sa'o'i kaɗan ne, ba ta auna darajarku a wurin Allah ko a wurin iyayenku. Wanda ya faɗi bana yana iya sakewa baɗi, kuma mun ga da yawa da suka sake suka wuce waɗanda suka riga su. Naku shi ne riƙon sababi, natija kuwa tana hannun Mai ƙaddarawa. Wanda ya rarrabe waɗannan biyu ya sauke rabin kayansa.

In kun sami sarari, ku je duwatsun garin nan, wajen su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka bar zanen shanu a jikin dutse, inda kuma akwai duwatsun kiɗa waɗanda Bature Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Ku shafa guraben da ke jikinsu. Babu wani ƙato da ya zo dare ɗaya ya fafe su da ƙarfin damtse. Bugu ne ɗan kaɗan, yau da gobe, hannu bayan hannu, har dutse ya sallama. Ƙwaƙwalwarku kuwa ta fi dutse taushi nesa ba kusa ba. Ku fara yau da magariba, da shafi ɗaya, ku rufe shi ku kawo da ka.

Allah ya buɗa ƙirazan 'ya'yanmu, ya sanyaya zukatansu, ya ba su ilmi mai amfani.