Linzami da Turke

Karatunmu yana cikin Zabura 32:9 da Yaƙub 3:3.

Wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Katsina ya ga hakiman Kankiya da Kusada sun shigo da mahayansu, dawaki sun sha ado, ana sukuwa ana jinjina wa Sarki. Abin sha'awa. Amma hawa na 'yan kwanaki ne, sauran shekara doki yana turke. Da asuba a share masa wuri, a ba shi harawa da dusa, a jiƙa masa kanwa, a duba kofato. Ubangidansa yana yi masa magana har ya san muryarsa.

Ku tambayi masu dawaki. Linzamin ƙasarmu ƙarfe ne mai zafi. Dokin da ya saba da ubangidansa, taɓawa kaɗan ta ishe shi ya juya. Mai gardama shi ke komawa gida baki da jini, ba kuwa lalle don mahayin mugu ne ba.

'Yan'uwa, mu ma muna son hawa, ba ma son turke. Ran Lahadi ga babbar riga ga waƙa. Ran Litinin ba addu'a, ba karatu, harshe ya tsinke a kan maƙwabci. Sa'ad da Ubangiji ya ja mu da ƙarfi, sai mu ce ya yashe mu.

Bari mu yi addu'a domin waɗanda bakinsu ke ciwo a wannan mako. Mu ma da muke magana muna cikinsu.