Jawabi ga Wakilan Ikilisiyoyi a Mai'adua: Inuwa a Hanyar Ƙafa



A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Mu nan, Daura ce tasharmu. Ranar da jirgi ya kankama, baƙo zai baro Kano da safe, ya ga rijiyar Kusugu, ya taka cikin gonakin gero, ya koma da yamma.

To, wace hanya zai taka? Ita ce dai wadda iyayenmu mata suke bi da kaya a ka zuwa kasuwar Mai'adua. An sare gawo, noma ya cinye burtali, a zafin Afrilu babu inda mace za ta sauke kaya ta huta. Wannan ya fi damunmu da zancen baƙo.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta reni dashen darbejiya tun yanzu. A dasa farkon damina, a kewaye da ƙaya saboda awaki, matasa su ɗauki ban ruwa da rani. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, dattawa su je gaida mai gari, a shawarci maƙwabtanmu Musulmi masu gonakin gefen hanya.