Cocin Katolika da nauyin tarihi



Tun shekarun 1940 akwai mishan ɗin Katolika a Dogon Dutsi ta Nijar, da makarantarsa da ta yaye 'ya'yan Musulmi da na Azna. Amma a wannan yanki na Arewa har yau wasu na cewa: cocin da ya shigo a bayan Nasara, da wane baki zai koya wa mutane gaskiya? Mutanen Lugu ba su manta da 1899 ba, lokacin da Voulet ya ƙone garinsu, garin Sarauniya Mangu. To, Voulet sojan Faransa ne, ba fada ya aiko shi ba.

Laifin coci yana wani wuri, kuma babba ne. A 1452 Fafaroma Nicholas na Biyar ya ba sarkin Fotugal takardar izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba. Sai 1839 Fafaroma Gregory na 16 ya la'anci cinikin bayi. Jinkirin ya yi yawa, ba na ɓoyewa. A 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya tsaya a tsibirin Gore na Senegal, ya roƙi gafara.

Hujjar 'yan Katolika ita ce, koyarwar cocin kan darajar ɗan Adam ita ta kama shugabanninsa da laifi. A ganina hujjar ta tsaya. Sharaɗin dai, a karantar da yaran katekisim labarin 1452 ɗin, kada a tsallake shi.

Mu kwana nan.